Gonar da Ba a Sa wa Garma

Ranar nan wani matashi mai gyaran waya a bakin tasha ya leƙo shagona, ya tarar da ni da hedifon a kunne ina magana da wani mutum a wata ƙasa. Rediyon da nake magana da shi yana can Toranke, ni kuwa ina nan zaune a Gaya. Ya tsaya ya ƙare wa fuskar wayata kallo, ya taɓe baki, ya ce ai wannan manhaja ce kawai, in na tura masa zai haɗa irinta kafin azahar. Na ci gaba da aikina. Amma tun da ba shi kaɗai ne mai wannan tunanin ba, ku da kuke zaune a rumfunan caji kuna canza gilashin waya kuna kiran kanku injiniyoyi, ku matso in gaya muku abin da ke bayan manhajar nan.

Sunana Idi, amma a Gaya in ba ka ce Idi Oba-oba ba, ba wanda zai nuna maka shagona. Abincina gyaran rediyo ne, da oba-obar 'yan sintiri, da kafa eriya, da haɗa sola. Wancan da matashin ya gani kuwa ba a cin abinci da shi. Rediyon 'yan sha'awa ne. Gwamnati ce ke ba ka lasisi da lambar kira, ka kafa tasharka, ka riƙa magana da irinka a duk inda suke a duniya. Ba a sa waƙa, ba a talla, ba a gaishe-gaishen masu saurare. A wurin Alhaji Mamman na koye shi, tsohon ma'aikacin gidan waya tun zamanin da ake buga telegiram, kuma a wurinsa na koyi duk abin da na iya.

Aikin farko da ya ɗora ni a kai shi ne warware wayar jan ƙarfe daga cikin ƙonannen taransifoma. Siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, sharaɗin kuma kada ta tsinke. In ta tsinke sai ya karɓa ya jefa a kwando ya miƙo mini wata, ba faɗa ba zagi, ni kuwa a lokacin da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai da damina ta zo ta wuce kafin ya yarda na taɓa ƙarfen dalma. Shi ma ba irin naku na lantarki ba ne, a garwashi ake saka shi, kana gane ya yi zafi daidai in ka kusanto da shi kuncinka. Mitarsa mai allura ce, in za ka ɗauke ta sai da hannu biyu, kuma sai ka wanke hannun. Ku yanzu 'yan makonni kuke yi a wurin oga, ku sayi sukundireba da tocila, ku sa mai fenti ya rubuta muku suna a allo.

Bugun Mos kuwa da cokali ya koya mini. Mos yare ne na sauti gajere da dogo, kowane harafi da nasa tsarin, ana buga shi da wani ɗan maɓallin ƙarfe da ake dannawa da yatsa. Alhaji ya rubuta mini haruffan a bango da gawayi, ya ce in sun shiga kaina in goge. Daga ranar da na goge ya daina kirana da baki. In an kawo abinci daga cikin gida sai ya ƙwanƙwasa gefen kwano da cokali. In na gane ya ce in zo, in ci. In ban gane ba ya cinye abinsa yana kallona, ya miƙo mini kwanon in wanke. Ban daɗe ina wanke kwanon da ban ci ba kunnena ya buɗe.

Masu kawo gyara kuwa, Allah dai ya ƙara mana haƙuri da su. Akwai shugaban 'yan sintirin wani ƙauye can wajen Balan da ya yi ta zarya da oba-obarsa, kullum wai ba ta kai nisa. Na buɗe, na auna, lafiyarta ƙalau. Sai ranar da na bi shi na ga yadda yake riƙe ta. Eriyar yake damƙewa a tafin hannu, yana kaɗa ta yana ba da umarni. Na gyara masa riƙo, ya tafi yana gaya wa mutane ban taɓa komai a cikinta ba. Wani kuma zai kawo rediyon da kunu ya zube a ciki, tururuwa sun yi gida, ya rantse maka jiya da dare ya ji labarai da shi. Ni duk waɗannan ban ƙi su ba, don ba su taɓa cewa sun iya ba.

Tashar Alhaji a gonarsa ta Toranke take, ba a gari ba, kuma ba don son kaɗaici ba. Rediyo irin namu kunne ne mai tsananin ji. A cikin Gaya, janareta da inbata da cajojin nan masu arha da kuke sayarwa duk ihu suke yi a cikin iska. Ku ba kwa jin sa, mu kuwa yana toshe mana komai. A gona shiru ne. Ya gina ɗaki ɗaya a gefe, ya kafa dogon bututun ƙarfe a tsakiyar fili, shi ne eriyar. Ina saurayi muka yi aikin, da rani tsaka. Da muka tsayar da ƙarfen na ɗauka an gama, sai ya miƙo mini diga. Muka yi ta tsaga ƙasa daga gindin ƙarfen zuwa kowace kusurwa, kamar wayoyin ƙafar keke, muna binne wayar jan ƙarfe a ciki, zurfin bai kai taƙi ba. Na tambaye shi amfanin wannan wahala. Ya ce abin da nake gani a tsaye rabin eriya ne, ɗaya rabin a ƙasa yake, in babu shi ƙarfin rediyo ƙasa kawai zai riƙa ɗumamawa, ba zai tashi sama ba.

Tun daga shekarar bai sake yarda an sa garmar shanu a wannan fegin ba. Da fartanya yake nome shi, a hankali, shi da kansa. Waɗanda suka ga mun binne wayoyin dattawa ne, suka yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Na baya suka taso suna ganin fegin da ba a sa wa garma, suna ɗauka wani tsirfa ne irin na tsohon ma'aikaci.

A wannan ɗakin ya samu abokin da ya fi daɗewa da shi. Wani mutum ne a gaɓar tekun Brazil, makanikin injin jiragen masunta. Alhaji ba ya jin yarensu, shi ba ya jin Hausa, Turancinsu su biyun in an haɗa bai taka kara ya karya ba. Amma Mos yana da gajerun kalmominsa da duk duniya ta yarda da su, na gaisuwa, da na yadda nake jin ka, da na yanayin gari, da na sallama. Da su da guntun Turancin suka kwashe shekara da shekaru, kowace Asabar tsakanin la'asar da magariba, lokacin da hanyar iska ke buɗewa zuwa can. Ba su taɓa ganin juna ba. Alhaji yana ce masa Tsohon Teku. Kowannensu kuma ya san hannun ɗan'uwansa, domin bugun kowane mutum daban ne. Alhaji yakan ɗan ja sautin ƙarshe na kalma, ko cikin mutum nawa ne Tsohon Teku zai tsince shi da wannan.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, da sanyi, hawan jini ya kayar da Alhaji a bakin rijiyar gonar. Malam Buba ne ya tsince shi, maƙwabcin gonarsa, Bafulatanin da iyayensa suka zauna suka kama noma. Ɓarin hagu ya shanye, harshe ya yi nauyi, in ya buɗe baki sai gurnani. Idonsa dama ya yi rauni, rubutu ya gagare shi. Ɗansa Nasiru, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya dawo da shi gida Gaya. Ranar da na je duba shi na tarar mata sun kewaye shi suna tambayar ko ruwa yake so ko fura, shi kuma yana ta buga yatsa a ƙarfen gado, suna cewa ciwon ne ke sa hannun rawa. Na tsaya daga bakin ƙofa na kasa kunne. Cewa yake a ja labulen taga, rana tana dukan idonsa. Na wuce na ja. Ya sake bugawa, ya ce na makara.

Cikin duk waɗanda suka san shi, mu biyu muka rage masu jin maganarsa, ni da Tsohon Teku. Da ya ɗan farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne Asabar. Likita ya hana a ɗora shi a abin hawa zuwa gona, kawo rediyon cikin gari kuwa aikin banza ne saboda ihun da na gaya muku. Nasiru ya ja ni gefe da shawararsa ta 'yan zamani.

"Yaya Idi, me zai hana a nemo lambar mutumin a yi musu kiran bidiyo?"

Na tambaye shi da wane bakin, kuma da wane yaren. Ya ce to in yi abin da na ga ya dace.

Aikin da na yi ke nan, wanda matashin can ya kira manhaja. Rediyo da eriya suna Toranke, maɓalli da hedifon suna gefen gadon Alhaji a Gaya, sabis ɗin waya ne zai haɗa su. Na ƙara faifan sola da batir, na sa 'yar ƙaramar kwamfuta mai karɓar umarni daga nesa, da modem mai layin waya a ciki. Sabis a gonar nan kuwa sai an yi farautarsa. Na yini ina zagaye da waya a sama kamar mai neman jinjirin wata, har na same shi a saman wani gawo da ke kan iyaka. Na hau da ƙayarsa da komai, na ɗaure modem ɗin a cikin bokitin fenti na kife, na jawo waya zuwa ɗaki. Gawo kuma da rani yake ganye, ganyen ya riƙa shanye ɗan sabis ɗin, sai da na roƙi Malam Buba ya sassare wa shanunsa rassan da ke fuskantar ƙarfen sabis. Ranar kasuwa kowa ya hau layi, namu ya riƙa numfashi da ƙyar. Modem in ya ga dama ya sandare, ba mai kashe shi ya kunna, sai da na haɗa masa agogon da ke yanke wuta ya mayar kowace asuba. Zanzaro ma ya gina gidansa a kan fankar kwamfutar. Ku nuna mini inda ake danna wannan a manhaja.

Duk wannan wasa ne a kan babbar matsalar. Sabis ɗin waya ba ya tafiya da gudu ɗaya. Ku masu kallon bidiyo ba ruwanku, in ya tsaya ku yi tsaki ya ci gaba. Mos kuwa duk ma'anarsa a tsawon sauti take da tazarar da ke tsakani. In sabis ya yi tuntuɓe, gajere ya zama dogo, harafi ɗaya ya rabe biyu, magana ta koma shirme. Abokan Nasiru suka ce a bar kwamfuta ta riƙa bugawa, a rubuta mata kawai. Muka gwada, Alhaji na buga mini a ƙarfen gado ina rubutawa. Bugu ya fita tsaf ba ko tangarɗa. Tsohon Teku ya saurara, ya tambaya wane ne wannan, ina mai tashar. Alhaji ya juya fuska bango. Na koma shago na zauna na haɗa wani ɗan akwati da ke auna tsawon kowane danni a nan Gaya ya aika da awon, wani kuma a Toranke ya tara, ya ɗan jinkirta, sannan ya sake bugawa daidai yadda hannun ya yi, har da jan nan na ƙarshe. Abin da na ƙona kafin ya yi, ni da kwandon sharata muka sani. Asabar ɗin da ya fara aiki, Alhaji ya buga kira daga kwance, Tsohon Teku ya amsa da dariya, don ita ma tana da nata bugun, ya ce yanzu ya ji mutuminsa.

Abu ɗaya ne babu na'urar da na yarda ta yi mini, shi ne zare wayar eriya daga bayan rediyo in hadari ya taso. Dogon ƙarfe a tsakiyar fili gayyatar tsawa ne. Dokar Alhaji ce tun ina saurayi, marin da ya taɓa yi mini guda ɗaya tak a kanta ne. Na ba Malam Buba makullin ɗakin, na nuna masa wayar, na ɗaura mata jan ƙyalle. In ya ga gabas ta yi baƙi ya zare, in gari ya washe ya mayar. Bai taɓa saɓawa ba.

Dab da faɗuwar damina Tsohon Teku ya ba da labari mara daɗi. 'Ya'yansa za su ɗauke shi su kai shi birni, gidan bene, inda ba a yarda a kafa eriya ba. Ƙarshen wata mai kamawa zai rufe tasha. Asabar ɗin da suka rage musu ba su da yawa, Alhaji kuma ba ya son ko ɗaya ta kuɓuce.

Ruwan shuka na sauka sai Tsohon Teku ya daina jin mu. Mu muna jin sa can ƙasa-ƙasa yana kira, Alhaji na amsawa, shi kuma ya ci gaba da kira kamar ba kowa. Na duba fuskar waya, komai kore shar, sabis cike, batir cike, rediyo ya ce yana fitar da ƙarfinsa duka. Akwai wata na'ura a cikinsa mai daidaita shi da eriya, ita ce munafukar. Duk abin da ka haɗa mata za ta lallaɓa ta ce lafiya lau, ko da ƙarfen gado ne. Na kira Malam Buba, ya ce ƙarfe na tsaye, jan ƙyalle na wurinsa. Na ce ƙila hanyar iska ce ta rufe, don takan yi haka. Nasiru ya sake kwaso abokansa irinku. Wannan ya ce a canza layi, wancan ya ce a goge manhaja a sake sawa, wani ya ce data ce ta ƙare, har ya saya mana. Asabar ta sake zagayowa, aka maimaita abin da aka yi. Tsohon Teku ya yi ta kira har magariba, a ƙarshe ya buga sallama ga wanda bai amsa ba. Alhaji ya cire hedifon ɗin da hannunsa mai lafiya, ya buga mini a ƙarfen gado cewa in bar kallon waya, in je in duba ƙasa.

Washegari da sassafe na hau babur. Tun daga nesa na hango abin da ya sa na kusa sakin kan babur ɗin. Gonar Alhaji ta sha huɗa daga iyaka zuwa iyaka, kunyoyi miƙe sambal har gindin ƙarfen eriya, gero ya tsiro gwanin sha'awa.

Malam Buba ya taho yana murmushi. Ya ce ganin Alhaji na kwance suka ga bai dace gonarsa ta kwana ba shuka ba, sai ya kira gayya. Mutanen unguwa suka fito da shanu da garemani, mata suka dama kunu, yini guda aka gama. Ba su gaya mana ba don so suke sai an girbe a kai masa dammunan har gida ya gani. Sannan ya rage murya ya ce akwai wata magana. Garma ta yi ta tono wasu wayoyi a ƙasa, duk sun nufi wuri guda, da gani an binne su da niyya. Dattawa suka duba suka ce ga abin da ya kayar da bawan Allah a bakin rijiya, wani maƙiyi ne ya yi masa binne. Liman ya ce shi dai waya yake gani, amma ba a saurare shi ba. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya suka tone, ko guntu ba su bari ba, suka zuba a wata tsohuwar rijiya da ta rufta, suka cike ta da ƙasa.

"Malam Idi, ya jikin nasa tun da aka cire? Ya fara samun sauƙi?"

Na tsaya ina kallonsa. Raina ya gama ɓaci, bakina cike da maganganun da ko a tasha ba a faɗa. Ga kuma mutum tsaye a gabana da kantar hannu ta aikin da ya yi wa maigidana don Allah.

"Malam Buba, ba sammu kuka tone ba," na ce masa. "Bakin Alhaji kuka tone. Da wayoyin nan yake magana, su kaɗai suka rage masa."

Ya zauna a kan kunya, ya cire malfa ya ɗora a gwiwa. Da ya nisa ya tambayi abin da za a yi. Na ce sai an samo wata wayar, kuma sai an fasa kunyoyin nan ta kowace fuska, duk geron da ke kan hanya zai mutu. Ya dubi gonar ya daɗe, sannan ya ce in kawo wayar.

Wayar jan ƙarfe mai yawa haka ba a samunta a Gaya, ga shi Asabar ɗaya ce ta rage. Na koma shago na sauko da duk ƙonannun fankoki da injinan ban-ruwa da taransifomomin da masu su suka gudu suka bar mini, na zauna ina warwarewa, aikin da na fara da shi a sana'a. Nasiru ya tuɓe rigar ofis ya zauna a ƙasa yana naɗe mini a jikin gwangwani. Ya yi ta tsinkawa, na dai riƙa miƙa masa wata.

Gayya ta biyu ba kiɗa ba kunu. Na ɗaura igiya a gindin ƙarfe ina ja zuwa kowace kusurwa, su kuma za su bi igiyar da fartanya su fasa kunyoyin da suka yi da hannunsu. Wani dattijo ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sare gero mai rai ba, ya koma gefe ya tsaya. Malam Buba ya karɓi fartanyarsa ya yi saran farko, sauran suka bi. Ni kuma ina biye ina shimfiɗa waya, ina haɗe bakin kowace a gindin eriya da dalma, da tsohon ƙarfen garwashin nan, don na lantarki ba ya riƙe zafi a fili. Ranar Juma'a da yamma na auna da mitar Alhaji, ba da fuskar waya ba. Allura ta kwanta inda na san tana kwanciya tun ina saurayi.

Asabar bayan la'asar na jingina Alhaji da matashin kai, na ɗora maɓalli a kan katako a cinyarsa, na sa masa hedifon, ni ma na sa nawa. Matan gidan duk sun taru a bakin labule. Ina kunnawa na ji ƙarar da ba na so, ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara, alamar walƙiya na kusa da tasha. Sai ga kiran Malam Buba. Ya ce yana cikin ɗakin, gabas ta haɗe, iska ta fara kaɗa gawo, hannunsa na kan jan ƙyalle.

"In zare, Malam Idi?"

Na dubi Alhaji. Ya ji komai, kunnensa bai taɓa ciwo ba. Mutumin da ya mare ni a kan dokar nan ya miƙa yatsa ga ƙarfen gado ya buga a bar ta. Ya ƙara da cewa a ce wa Buba ya fita daga ɗakin. Na ce wa Malam Buba ya saki wayar, ya ja ƙofa, ya yi nesa da ƙarfen da gawon, ya tafi gida kada ya tsaya. Sai da na ji shi yana haki a zaurensa sannan na ce wa Alhaji bismilla.

Kira ɗaya ya yi. Tsohon Teku ya dawo da ƙarfi, hannunsa har tuntuɓe yake don sauri. Ya ce ya ɗauka an yi rasuwa. Ya ce yana jin sa tangaran. Alhaji ya ba shi nasa rahoton, ya gaya masa gari da hadari, gero ya tsiro. Tsohon Teku ya ce kayansa duk suna cikin kwalaye, rediyon kaɗai ya bari a kan tebur saboda yau. Ya yi godiya a kan shekarun da suka yi, ya buga sallamarsa, ya bar wa Alhaji fili.

Alhaji ya fara tasa, a hankali, yana jan ƙarshen kowace kalma. Mai bugawa ba ya jin komai sai sautin hannunsa, wanda akwatin Gaya ke mayar masa a kunne. Ni kuwa idona na kan fuskar waya. Ya kira sunan abokinsa, ya ce ya gode, yana shiga magana ta gaba sai kore ya koma toka. Sabis da batir da rediyo duk suka ɗauke lokaci guda, na kuwa san ba laifin sabis ba ne. Alhaji bai sani ba. Ya ajiye gajerun kalmomin da guntun Turancin, ya koma Hausa zalla. Ya yi wa mutumin addu'a, ya ce Allah ya sa 'ya'yansa su riƙe shi da kyau, ya ce in ya taɓa saɓa masa ya yafe. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba, duk kuma a cikin ɗakin ta tsaya. Tausayinsa ya kama ni, amma ban taɓa hannunsa ba. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga yatsa yana jiran amsa, babu ko hucin iska a hedifon.

Sannan ya buga a ƙarfen gado, yana tambaya a ina ta tsaya. Shi ya koya mini ba a ƙarya a kan awo.

"Alhaji, ya ji sunansa, ya ji ka ce ka gode. Daga nan tsawa ta ɗauke."

Ya buga cewa ya isa. Ya tambayi Buba, na ce yana gida lafiya. Sai ya tura mini katakon da maɓallin a kai, ya lumshe ido.

Da na je washegari ɗakin na ta warin ƙonanniyar roba. Rediyon da ya yi shekaru yana tattali ya narke daga ciki, kwamfuta da akwatina sun zama gawayi, bokitin fenti ya tsage a saman gawo. Ita ce muguwar shekarata a sana'a, don duk abin kirkin da na mallaka na kai shi ɗakin nan. Alhaji bai sake neman maɓalli ba. Ya ga dammunan da aka sauke masa a tsakar gida, ya sha furar geron, ya rasu kafin sanyi ya kankama.

Tashar da kuka ga ina magana da ita yanzu ni na sake haɗa ta kaɗan-kaɗan, da nawa lasisin, a wannan ɗakin, a kan wayoyin fankokin nan. Nasiru ne ya bar mini fegin. Manhajar kuwa duk mai so ya zo in tura masa, ba ta da nauyi, sai dai ya taho da fartanyarsa.

Bana da ruwan shuka ya sauka na je duba batir, na hango wani baƙo mai shanun haya ya juyo garmarsa zai ratsa ta gindin ƙarfe don ya rage hanya. Kafin in kafe babur Malam Buba ya riga ya sha gaban shanun, da malfarsa a hannu. Mutumin ya tsaya yana tambaya ko kabari ne a wurin.

"Ba kabari ba ne," in ji Malam Buba. "Bakin Alhaji ne a ƙasan nan. Zagaya da garmarka."